Zanen Tsohuwar Gidan Nomau

Kai mai jar hula, ajiye wannan allin kafin ka karya mini shi. Shuɗin nan da kake juyawa a hannu ya girme ka, ina jin ya girmi mahaifinka ma, kuma uku kaɗai suka rage mini irinsa. Kun ce malaminku na kwaleji ne ya turo ku ku ji yadda ake zane a da. Tun da kuka shigo kuke ɗaga wayoyi kuna ɗaukar bangon ɗakina, na kuma ji ɗayanku yana raɗa wa ɗan'uwansa wai wannan ai aikin 'yan firamare ne, a goga alli a shafa da yatsa. Kunnena bai mutu ba tukuna. Ku sami wuri ku zauna.

Sunana Ilu, amma daga nan Rano har Kibiya in ba ka ce Ilu Mai Zane ba, ba wanda zai nuna maka gidan nan. Mahaifina magini ne, irin masu yi wa fuskar soro ado. Ina taya shi aiki a wani gida a Madachi, ina jan layi a ɗanyen yaɓe da tsinke, sai wani mutum a kan keke ya tsaya ya daɗe yana kallon hannuna. Shi ne Malam Garba, mai zanen ofishin daji. A lokacin Turawa suna tattara sanin itatuwa da ciyayin ƙasar nan, kuma hoton da na'urarsu ke ɗauka baƙi da fari ne, ba zai gaya maka ko fure ja ne ko rawaya ba. Dole sai an sami mai hannu ya zana. Ya tambayi Baba ko na iya rubutun boko, aka ce masa na yi elemantare. Washegari na bi shi.

Abu na farko da ya miƙo mini gwangwani ne cike da tsakin shinkafa. A ciki ake binne sandunan allin, don kada jijjigar keke ta farfasa su, kuma shinkafar tana goge dauɗar da wani launi ya shafa wa wani. Wannan alli ba irin na makaranta ba ne. Garin launi ne zalla aka dunƙule, yana narkewa a yatsa kamar kwalli, in ya faɗi ƙasa sau ɗaya sai dai ka yi haƙuri. Daga ƙasar Turawa ake kawo shi, sau ɗaya a shekara, saboda haka ko guntun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ba a yarwa. Sai katakon da ake ɗora takarda, da takardar kanta mai kaushi, don mai santsi ba ta riƙe gari. Sai aska ta fiƙe baki, da tsumma, da fensir na rubutu. Na ƙarshe shi ne ruwan ƙaro a 'yar kwalba da siririn bututu. In ka gama zane sai ka jingine shi, ka ja baya taku biyu, ka hura ruwan ta bututun ya sauka a kai kamar raɓa. In ya yi kaɗan, garin ya zube maka a hanya. In ya yi yawa, launin ya dushe, farin fure ya koma kamar tsohuwar riga. Wata shida na yi ina hura ruwa a kan takardar banza kafin Malam Garba ya bar ni na matso kusa da aikinsa.

Ganyen kalgo ne zanena na farko. Ya tsinko guda ɗaya ya ɗora mini a gwiwa.

“Kore nawa ka gani a ganyen nan?” ya tambaye ni.

“Ɗaya, Malam.”

“To kai makaho ne. Je ka zauna da shi a rana har sai ka ga biyar.”

Na zauna har gumi ya jiƙa mini riga. Na ga saman ganyen ya fi duhu, bayansa toka-toka ne, jijiyarsa ta ɗauko rawaya, gefensa kuma inda rana ta ƙona ya yi ja-ja. Huɗu ke nan. Na biyar ƙarya na yi masa. Ya gane, amma ya ƙyale ni, ya ce gobe in zo da ganyen sabara.

Aikin da ba zan manta ba a cikin koyona shi ne na albasar kwaɗi, a wata fadama kusa da Rurum, bayan ruwan farko. Furenta ba ya jira. Da safe ya buɗe fari sol da jan zane a tsakiya, kafin azahar ya langaɓe. Na durƙusa a cikin taɓo na zana ta, sauro na cin ƙafata, ban ko ɗaga hannu na kore su ba. Da na gama ni da kaina na san ban taɓa yin irinsa ba. Na hura ƙaro, na rufe shi da siririyar takarda, na tuƙa keke har Rano ina jin kaina kamar wani hakimi. Malam Garba ya karɓa, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayanta.

“A ina ka same ta?”

“A Rurum, Malam.”

“Ina ka rubuta?”

Ban rubuta ba. Dokar aikin ita ce kowace takarda, a kusurwarta ta ƙasa, za ka sa sunan abin da ka zana, da sunan garin da ya fi kusa, da yadda mutum zai bi ya kai gindinsa: rafi ne, tudu ne, kuka nawa za a wuce. Don wanda bai taɓa zuwa ƙasar nan ba ya ɗauki takardar ta kai shi wurin. Malam Garba ya kama zanen nan ya yaga shi biyu a gabana, ya sake ninkewa ya yaga.

“Takardar da ba ta faɗi inda aka samo abu ba, ta ƙunshe tsire ce,” ya ce. “Ka jira baɗi.”

Na jira baɗi kuwa, don furen ya riga ya wuce. Daga ranar hannuna ya koyi rubutun nan fiye da yadda ya koyi zanen. Ko bangon ɗaki na zana, sai na tsinci kaina ina neman inda zan sa sunan unguwa.

Ban da ofis, akwai masu zuwa su neme mu a gefe. Hedimastoci suna son zanen gero da dawa da gyaɗa tun daga tsiro har girbi, su rataya a aji. Masu maganin gargajiya suna son a zana musu saiwa da ɓawo, amma rabinsu sai su kawo maka ganyen da ba shi ba ne, don kada ka gane sirrinsu. Wani Alhaji mai motar ɗaukar gyaɗa ya sa na zana masa duwatsun Rurum da motarsa a gindinsu, ya dawo da zanen har sau biyu wai motar ta yi ƙanƙanta, sai da ta kusa kai rabin dutsen sannan ya ce yanzu na yi gaskiya. Wata Hajiya kuma ta zo da kanta, ta ce in zana mata tsamiyar ƙofar gidan mahaifinta kafin masu aikin hanya su sare ta. Ita ba ta ce a ƙara komai ba. Abu ɗaya ne Malam Garba bai taɓa zanawa ba ko da za a cika masa hula da zinariya, shi ne abu mai rai. In ƙadangare ya hau dutsen da yake zanawa, dutsen kawai za ka gani a takarda. Ni ma a kan haka na tashi.

Da gwiwa ta kama Malam Garba ya kasa hawa keke, sai yawon daji ya dawo kaina. Ni nake bin Baturen da ke kula da aikin, wanda mutane suka sa wa suna Baturen Ganye, don duk inda ya ga tsiro sai ya tsuguna. Yana jin Hausa, amma irin wadda ake koya a littafi, har da tsohuwa mai sayar da daddawa sai ya ce mata ranki ya daɗe. A ƙasar Kibiya muna da ɗan jagora guda ɗaya, Nomau, wani dattijon Bamaguje da ke zaune da danginsa a wata 'yar unguwa bayan Fammar. Ban taɓa ganin wanda ya san daji kamarsa ba. Zai murza ganye ya shinshina ya gaya maka sunansa, da abin da akuya ke yi in ta ci shi, da watan da yake fure. Damina uku muka yi tare. A ƙofar gidansa nake shimfiɗa buzuna in yi salla, shi kuma ya kori karnuka ya hana kowa giftawa ta gabana. Matarsa ta ware mini tukunya daban wadda ba a taɓa dafa abin da ba na ci a cikinta ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ɗan Malamai.

Akwai wani dutse gabas da unguwarsu da kullum yake zagaye da mu kada mu hau. Baturen Ganye ya lura, ya yi ta tambaya, Nomau yana kaucewa. A damina ta uku maciji ya sari matar Nomau a gona, Baturen ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta asibiti, ta tashi. Bayan wannan ne bakin Nomau ya buɗe. Ya ce a tsagin dutsen nan akwai Tsohuwa. Mutum-mutumi ce ta itacen ƙirya, ba wanda ya san wanda ya sassaƙa ta, kakanninsu ma gadonta suka yi. Kafin a jefa iri a ƙasa sai an kai mata gumba da jan zakara, kuma a duk zuriyar mutum ɗaya ne ke shiga wurinta, shi ne babban gida. A lokacin Nomau ne.

Baturen yana dab da komawa ƙasarsu, don maganar mulkin kai ta riga ta kankama, kowane Bature yana haɗa kayansa. Ya roƙi Nomau ya bar shi ya gan ta ko sau ɗaya. Nomau ya ce a'a. Baturen ya ce to a bar shi ya ɗauki hotonta. Nomau ya ce na'ura ba za ta shiga wurin ba. Sannan sai Nomau ya nuna ni da haɓa.

“Ɗan Malamai zai iya zuwa, shi ya ci tuwon gidana. Ya zana maka ita, ka tafi da ita bayan teku. Amma a ƙasar nan kada wani mahaluki ya ji inda take. Ko mutanen gidana kada su ji na kai shi.”

Na ce ni ba na zana irin wannan. Baturen ya ce ai itace ne, ba ta numfashi. Na san wannan magana ba za ta tsaya a gaban Malam Garba ba, amma Malam Garba yana Rano, ni kuma, in faɗa muku gaskiya, ina son in gani. Na yi wa Nomau alkawari, na sa hannuna cikin nasa.

Da hantsi muka tafi, lokacin da kowa ya watse gona, muka yi kamar ganye za mu nema. Muka bi rafi, muka wuce kuka biyu, muka hau. Tsagin yana ƙarƙashin wani gamji da saiwoyinsa suka rungume dutsen, in ba an nuna maka ba za ka wuce sau goma. Tana zaune a ciki, tsayinta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, hannuwanta a kan ciki, fuskarta doguwa, idanunta a rufe. Itacen ya yi baƙi yana ƙyalli saboda shekarun da aka yi ana shafa mata mai. Ku da kuke cewa a goga a shafa, ku gaya mini yadda za ku zana baƙin abu a cikin duhun dutse ya fito. Baƙin alli ba ya yi. Sai da na shimfiɗa shuɗi mai duhu tukuna, na bi shi da ja irin na ƙasar tukunya, sannan na taɓa baƙi kaɗan a lungunan, na kawo fari ƙwaya ɗaya na ɗiga a goshi da kafaɗa inda haske ke sauka. Safiya biyu na yi a kanta. Nomau yana tsugune a bakin tsagin ya juya mana baya, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ina jin haƙuri yake ba ta.

Da na gama na hura ƙaro, na ciro fensir daga bayan kunnena. Iska tana kaɗa takardar, sai Nomau ya miƙo hannu ya danne mini gefen katakon, kamar yadda ya saba yi mini a gindin kowace bishiya shekara uku. Yana riƙe, ni kuma ina rubutawa a kusurwar ƙasa: Tsohuwa. Bayan Fammar, unguwar Nomau. A bi rafi gabas, a wuce kuka biyu, tsagin dutse ƙarƙashin gamji. Wallahi ban san na rubuta ba. Hankalina yana kan ko farin goshin ya yi yawa. Shi kuma bai iya karatu ba, abin da ya saba gani ina yi ne. Na rufe takardar, na sa ta cikin sauran, muka sauko muna hirar farashin gishiri.

Ban sake ganin zanen ba sai a Kano. An shirya wa Baturen Ganye taron ban kwana a wani babban zaure, aka rataye zane-zanenmu a bango cikin gilashi, aka gayyato Turawa da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa. Ni aka ba ni aron riga aka tsayar da ni a gefe, in an tambayi wanda ya zana a nuna ni. Mutane suna wuce kalgo da ɗorawa da albasar kwaɗi kamar ba su gan su ba, kowa sai ya je ya tsaya a gaban Tsohuwa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Sai na lura da wani mutum mai babbar riga da ya sunkuya, ba fuskarta yake kallo ba, ƙasan takardar yake kallo, yana kwafar wani abu a ɗan littafi. Da ya matsa na je na duba. Rubutuna ne, tsaf, irin wanda Malam Garba zai yaba.

Fensir ne, gogewa ɗaya zai fita, amma yana bayan gilashi, kuma zauren cike yake da manya. In je in ce wa Bature a sauke zane a tsakiyar taronsa? Na ce bari sai gobe. Da na zo washegari an riga an ƙulle komai a akwatunan katako za a kai tashar jirgin ƙasa. Na gaya wa kaina mai babbar rigar nan wataƙila sunana yake nema. Na hau motar gyaɗa na dawo Rano, ban gaya wa kowa ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a duk aikina. Alli bai zo ba, kuma bai sake zuwa ba. Sababbin shugabannin ofis suka sayo na'urar da ke ɗaukar hoto mai launi, suka ce mai zane ya koma awon gandun daji da igiya. Malam Garba ya rasu da bazara. Da aka buɗe kabad ɗin da muke ajiye zanen da ba a tafi da su ba, gara ta shiga ta baya ta cinye su, aikin shekara da shekaru ya koma ƙasa, sai kusurwoyi da suka rage. Damina kuma ta yi mana wasa. Ruwa ya sauka sau biyu, kowa ya yi shuka, sannan sama ta bushe. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa ya tsaya, ya yi fari, ya kwanta.

A kasuwar Kibiya na ji labarin, a bakin wani mai sayar da igiya daga Fammar. Ya ce ai Maguzawan bayan garinsu sun shiga uku. Tun da rani aka ga sawun mota a bakin rafi, ba wanda ya kula. Da lokacin shuka ya yi Nomau ya hau dutse da gumba da zakara, ya tarar da tsagin wayam, babu Tsohuwa. Da ruwa ya ɗauke, sai dangi suka ce shi ya sayar da ita. Wa ke yawo da Bature? Wa aka bar wa sabon bargo da fitila da Baturen zai tafi? Ɗan ƙanensa, Jatau, shi ya tsaya a kan maganar. Suka karɓe girman gida daga hannunsa, suka daina cin abinci da shi, ya koma wata bukka a bakin gona shi da matarsa. Nomau kuwa ya ce bai sayar ba, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Mako uku na yi ina juya abin. Kullum in ce gobe, kamar dai yadda na yi a Kano. Ranar da na tafi, na tafi da ƙarfin gwiwa, ina ganin gaskiya ce a bakina, in na faɗe ta komai zai koma daidai. Na isa da rana tsaka, gonakinsu duk sun ƙone. Ban biya ta bukkar Nomau ba, kuma wannan ma kuskure ne. Kai tsaye na je wurin Jatau na ce ya tara mini mazan gidan, ina da maganar da za ta wanke baffansa. Suka taru a gindin ɗorawa, aka aika aka kira Nomau. Ya rame ƙwarai. Ya zauna nesa da su a kan wani kututture, da ya gan ni sai ya girgiza mini kai a hankali. Na ɗauka gaisuwa ce.

Na miƙe na faɗi komai. Na ce Baba Nomau bai sayar da Tsohuwa ba, bai karɓi ko anini a kanta ba. Ni ne na zana ta, kuma ni na rubuta hanyar wurin a ƙasan takarda saboda haka aka koya mini, wani ya karanta a Kano ya biyo rubutun. Na ce in akwai mai laifi ga ni.

Sannan Jatau ya gyara zama.

“Malam, ka ce ka zana ta?”

“Na zana ta.”

“Da idonka ka gan ta?”

“Da idona, har safiya biyu.”

“A ina?”

“A inda take, cikin tsagin dutse.”

“Wa ya kai ka?”

A nan ne na gane abin da girgiza kan nan take nufi. Jatau bai sake kallona ba, ya juya ga sauran.

“Kun ji dai. Mu muna cewa ko sayarwa ya yi, wasunku suna cewa a bi a hankali, ba mu da shaida. To ga shaida ta zo da ƙafarta a kan keke. Ni da aka haifa a gidan nan, gemuna ya fara fari, ban taɓa sa ƙafa a bakin tsagin nan ba. Shi ya ɗauki baƙo ya kai shi gabanta, ya zauna yana kallonta safiya biyu.”

Na ce ai rubutun ne ya jawo, ba kai ni da aka yi ba. Wani tsoho daga cikinsu ya ce shi bai san rubutu ba, bai kuma ga takardar da nake faɗa ba, amma ya san ƙafa, kuma ƙafar da ta fara kai baƙo ita ta buɗe hanya. Waɗanda da suke zaune kusa da Nomau, mutum biyu ko uku da ba su yarda ya sayar ba, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma ɓangaren Jatau. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni. Wata mata ma ta kawo mini ruwa a ƙwarya. Taron ya watse aka bar mu mu biyu.

Nomau ya tashi da ƙyar, ya zo ya kama mini kan keken, ya ce bari ya taka mini. Muka bi ta gefen gonar da ta ƙone. Ina ta neman kalmar da zan ba shi haƙuri da ita, duk wadda na ɗauko sai in ji ta yi kaɗan. A bakin rafi ya tsaya ya sakar mini keken.

“Baba, na zo ne in wanke ka,” na ce.

“Na sani, Ɗan Malamai.” Ya share bakinsa da bayan hannu. “Da zargi kawai suke yi. Zargi kuwa da na jure shi, in ruwa ya sauka baɗi wasu za su manta. Na yi shiru wata biyar don kada sunanka ya fito, kada kuma wannan ta fito. Da ka zo wurina tukuna, da na ce maka ka koma gida.”

Ya tambaye ni ko Malam Garba ya sami sauƙin gwiwarsa. Na ce ya rasu. Ya ce Allah ya ji ƙansa, irin yadda ya ji muna faɗa, sannan ya juya ya koma.

Da shekara ta zagayo ruwa ya sauka sosai, har rafin ya yi ambaliya. Nomau bai gani ba, ya mutu tun kafin a yi shuka. Mai igiyar nan ne ya sake gaya mini a kasuwa. Ya ce a al'adarsu in babban gida ya mutu kwana uku ake yi ana kiɗa, dangi na zuwa daga ko'ina. Na tambaye shi ko an yi wa Nomau. Ya ce shi dai daga Fammar bai ji ganga ba, matar Nomau ce ta zo cikin gari tana neman wanda zai taya ta haƙa kabari.